Taka 25 a wata da abin da ta janyo a ƙauyukan Bangladesh

A watan Janairun 1994 gwamnatin Bangladesh ta ƙaddamar da wani shiri wanda in aka faɗa maka kuɗin da ke cikinsa sai ka ce wasa ake. Duk yarinyar ƙauye da ta gama firamare ta shiga aji shida, wato farkon sakandare a can, za a riƙa ba ta taka 25 a wata, sannan gwamnati ta ɗauke wa iyayenta kuɗin makaranta. Taka shi ne kuɗin ƙasar, kuma a lokacin sai ka haɗa taka 40 kafin ka samu dala ɗaya, kenan alawus ɗin ko dala ɗaya bai kai ba. Yana ɗan ƙaruwa kaɗan-kaɗan, 30 a aji bakwai, 35 a aji takwas, in ta kai aji tara da goma ya zama 60, da ɗan kuɗin littattafai a aji tara da kuɗin jarrabawar fita a aji goma. Iyakarsa kenan fa. Amma 'yan matan da ke sakandare a ƙasar, waɗanda a 1991 ba su wuce miliyan 1.1 ba, zuwa 2005 sun kai miliyan 3.9, har suka zarce maza yawa a aji. Kuma wannan ƙasa ce da wajen kashi 90 cikin ɗari na mutanenta Musulmi ne, yawancinsu talakawa manoman shinkafa, masu riƙo da addini da tsare 'ya mace.

Ni abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake ba da labarin nan a taruka, wai an raba wa 'yan mata kuɗi sai suka tafi makaranta, kamar taka 25 ce ta ciyar da gida. Ba ta ciyar da kowa ba wallahi. Abin da ta yi shi ne ta canza lissafin wasu mutane ƙalilan da makomar yarinyar ke hannunsu, hedimasta da malamin madarasa da uba. Waɗanda kuma kuɗin bai taɓa lissafinsu ba, irin su dangin ango da samarin bakin hanya, a nan shirin ya cije, kuma har yau a cije yake.

Ƙasar ta ɓalle daga Pakistan a 1971 bayan yaƙi mai muni, 1974 kuma aka yi yunwa, ga ambaliya kusan kowace damina saboda ƙasar gaba ɗaya bakin manyan koguna ce, Padma da Jamuna da Meghna. Faɗinta in ka haɗa jihar Borno da jihar Neja ka gama, amma mutanen ciki yanzu sun haura miliyan 170. A farkon shekarun 1970 mace ɗaya tana haihuwar 'ya'ya sama da shida in aka yi matsakaicin lissafi. Ta ɓangaren firamare an ɗan yi ƙoƙari tun kafin shirin da muke magana, ƙungiyar BRAC wadda Fazle Hasan Abed ya kafa a 1972 ta fara buɗe 'yan ƙananan makarantu masu ɗaki ɗaya a ƙauyuka daga 1985, malama matar aure ce 'yar garin, yara kamar talatin a zaune kan tabarma, kuma da gangan aka sa kashi 70 su zama mata. A 1990 aka yi dokar tilasta firamare, 1993 aka fara ba iyaye talakawa alkama ko shinkafa in sun tura yara. To 'yan mata sun fara kaiwa aji biyar, wanda shi ne ƙarshen firamare a can. Daga nan ne ake cin karo da bango.

Dalili kuwa sakandare ba kyauta ba ce. Sama da kashi 90 na makarantun sakandaren ƙasar ba gwamnati ce ta gina su ba, mutanen gari ne ke haɗuwa wani mai hali ya ba da fili a kafa kwamiti a ɗora kwano, in makaranta ta samu rajista sai gwamnati ta riƙa biyan mafi yawan albashin malamai, ragowar kuma a tatso daga kuɗin da ɗalibai ke biya. Yanzu ka ɗauki uba mai 'yar gona da ba ta kai eka ɗaya ba, yana da ɗa namiji ɗan shekara sha uku da 'ya mace 'yar sha ɗaya, kuɗin mutum ɗaya yake da shi na makaranta da yunifom da littattafai da na lesin. Ba sai an tambaye ka wa zai zaɓa ba. Namijin shi zai zauna a gidan ya riƙe shi in ya tsufa, macen kuwa gidan wasu za ta, kuma tafiyar ma da tsada, don a can bayan sadakin da Musulunci ya ɗora wa miji akwai wata al'ada da suke kira joutuk, inda dangin ango ne ke yanka wa uban amarya abin da zai kawo, tsabar kuɗi, zinare, keke ko babur, talabijin, wani har kuɗin bizar zuwa aiki Saudiyya. An haramta ta a doka tun 1980 amma ba ta fasa ba. Abin da ya fi muni a ciki shi ne yawan shekarun yarinya yawan abin da za a nema, ƙaramar amarya ta fi araha. Mu da muka san yadda kayan ɗaki da gara ke hana uba barci ba sai an yi mana dogon bayani ba, sai dai nasu ya fi tsanani don ango ne ke saka farashi.

Shirin bai faɗo daga sama a 1994 ba. An fara gwada shi a 1982 a wata ƙaramar hukuma da ake kira Shahrasti a gundumar Chandpur, wata ƙungiyar cikin gida mai suna BACE ta gudanar, hukumar USAID ta Amurka ta ba da kuɗi ta hannun Asia Foundation, daga baya Norwe ta karɓi ɗaukar nauyin. Shekara goma sha biyu ana gwaji a 'yan wurare kafin gwamnatin Khaleda Zia ta ce a kai shi ƙananan hukumomin karkara 460. Bankin Duniya ya ɗauki 118, Bankin Raya Asiya 53, Norwe 7, sauran 282 gwamnati ta biya daga aljihunta. Wannan adadin na ƙarshe yana da muhimmanci, don shi ya sa da Sheikh Hasina ta hau mulki a 1996, duk da cewa ita da Khaleda ba sa ga maciji, ba ta soke shirin ba. Ya riga ya zama abin da uwaye a ƙauye suka san da shi, wanda ya taɓa shi zai gani a akwatin zaɓe.

Sharuɗɗa uku aka gindaya. Yarinya ta halarci aji aƙalla kashi 75 na ranakun karatu, ta samu maki 45 cikin ɗari a jarrabawar ƙarshen shekara, kuma kada a yi mata aure sai ta rubuta jarrabawar fita ta SSC ko ta cika 18. Iyaye su sa hannu sun yarda. Sai kuma yadda aka raba kuɗin gida biyu, wanda ni a wurina nan dabarar take. Alawus ɗin ba a hannun uba ake sawa ba, ba a hannun hedimasta ba, asusun banki ake buɗe wa yarinyar da sunanta, a yankunan Bankin Duniya bankin Agrani ne ke biya, sau biyu a shekara. Ka yi tunanin 'yar shekara sha biyu wadda uwarta ba ta taɓa taka ƙofar banki ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa sai dangwale, yau ita ce a layi da ƙawayenta, ma'aikacin banki ya kira sunanta, ta ɗauki biro ta sa hannu, a ƙirga mata taka 150 na wata shida. Eh, da yawa in sun koma gida miƙa wa uba za su yi, ko a sayo mata takalmi da man gashi sauran a sa a cefane, amma dai ita ta shigo da shi gidan, kuma kowa ya san in ta daina zuwa aji ya tsaya.

Kuɗin makarantar kuma kai tsaye asusun makaranta yake shiga, ana ƙirga kai. Nan hedimasta ya farka. A da in 'ya mace ba ta zo ba ba ruwansa, yanzu kuwa kowace yarinya kuɗi ce tabbatacciya daga gwamnati, ba sai ya bi uba yana roƙo ko ya kore ta a kawo ba. Sai ga malamai suna bi gida-gida suna lallashin iyaye, makarantun da a da na maza ne zalla suka buɗe wa mata ƙofa, garuruwan da ba su da sakandare suka kafa tasu don sun san in dai akwai 'yan mata akwai kuɗin shiga. Shirin Bankin Duniya ya haɗa da gina bayi da haƙa famfon tuƙa-tuƙa da ɗaukar malamai mata, kuma kada ka raina maganar bayin nan, budurwar da ta fara al'ada ba za ta wuni a inda babu wurin kewayawa ba. Da makarantu suka yawaita sai tafiya ta ragu, uban da ba zai bar 'yarsa ta tsallaka kogi a kwale-kwale ba zai bar ta ta je bayan masallacin garinsu.

Sai maganar madarasa, wadda masu ba da labarin nan sau da yawa suke tsallakewa don ba ta dace da hoton da suke son nunawa ba. A Bangladesh madarasa iri biyu ce. Akwai ƙaumi, waɗanda ba ruwansu da gwamnati, da sadakar jama'a suke tafiya, karatun addini zalla. Akwai kuma aliya, masu rajista, waɗanda ke koyar da Alƙur'ani da hadisi da fiƙihu da Larabci haɗe da lissafi da kimiyya da Turanci da harshen Bangla, gwamnati na biyan malamansu, kuma tun 1985 aka daidaita jarrabawarsu ta Dakhil da SSC. Gwamnati ta ce yarinyar da ke aliya ita ma za ta ci alawus, madarasarta kuma za ta karɓi kuɗin kai daidai da makarantar boko. Abin da ya biyo baya masu bincike irin su Niaz Asadullah da Nazmul Chaudhury sun yi rubutu a kai sosai. A 1990 mata ba su kai kashi 10 na ɗaliban waɗannan madarasu ba, kafin 2008 sun kai rabi. Madarasun da tun kafa su ba a taɓa ganin mace a ciki ba suka ware aji suka rataya labule suka ɗauki malamai mata.

Abin lura kuma, a daidai wannan lokacin, 1993 zuwa 1994, wasu malamai a ƙauyuka suna fitar da fatawa a kan ƙungiyoyi masu zaman kansu, ana cewa suna lalata tarbiyyar mata suna shigo da Kiristanci, har aka ƙona wasu makarantun BRAC, aka hana wasu mata zuwa karɓar bashin bankin Grameen mai ba talakawa ƙananan rance. Kenan ba wai ƙasar ba ta da masu adawa ba ne. Amma shirin alawus bai sha irin wannan wutar ba, don bai zo ya ce wa malam kai ne matsala ba, ya zo ya ce masa ga kujera. Uban da ke ganin makarantar boko wurin lalacewa ne yanzu yana da inda zai kai 'yarsa da nikabinta, ta koyi karatun Alƙur'ani ta kuma fito da takardar da za ta iya shiga kwaleji da ita. Akwai masu sukar wannan, suna cewa gwamnati ta yi amfani da kuɗin jama'a ta ƙarfafa makarantun da ke koya wa yarinya cewa iyakarta ɗaki, kuma ba ƙarya suke ba gaba ɗaya, bincike ya nuna 'yan matan madarasa sun fi karkata ga ra'ayin gargajiya kan aikin mace da yawan haihuwa. Amma tambayar da nake yi musu ita ce, in ba madarasar ba ina yarinyar za ta kasance? Ba wata makarantar zamani ce ke jiranta ba, gidan miji ne. Su kansu Bangalawa ba baƙon abu ba ne a wurinsu, Begum Rokeya da ta buɗe makarantar 'yan mata Musulmi a Kolkata ta Indiya a 1911 da ɗalibai takwas, a keken doki mai labule take ɗauko su don iyaye su yarda, kuma har yau duk 9 ga Disamba ranarta ce a ƙasar. Ta san da wa take magana, kamar yadda Nana Asma'u ta sani lokacin da ta tura jajis ɗinta ƙauyuka.

To amma duk inda aka ce ana biyan kuɗi a kan kai, an san abin da zai biyo. Wanda ke cike rajistar halarta shi ne wanda makarantarsa za ta yi asara in yarinya ta faɗi sharaɗi, shi ne kuma mai ba da makin jarrabawa, an ba kura ajiyar nama kenan. Sai aka samu sunayen bogi, yarinya ɗaya a rajistar makarantu biyu, wadda ta samu 30 a mayar mata 45, wadda aka yi wa aure tun bara har yanzu tana "halarta". Karatun kansa kuma bai bi yawan ɗaliban ba, aji ya cika maƙil, malamai ba su da horo, wanda ba shi da kuɗin lesin sai dai ya zauna ya kalli allo. A 2001 wajen kashi 35 kacal na waɗanda suka zauna SSC suka ci, kuma 'yan mata da yawa ba sa ma kaiwa aji goman, suna zubewa a takwas da tara. Sannan binciken Shahidur Khandker da Mark Pitt da Nobuhiko Fuwa ya gano cewa 'ya'yan masu manyan gonaki sun fi cin moriyar shirin, wanda in ka duba ba abin mamaki ba ne, tunda kowa ake ba ba a tantance talaka, kuma 'yar talaka tilis ba ta ma gama firamaren ba balle ta zo inda ake rabon, in ta zo ɗin ma maki 45 ya fi mata wuya saboda ba lesin ba fitilar karatu. Ga kuma yara maza na gidajen talakawa da aka bari a baya suna tura keken haya da aikin gona, har a 2008 aka sake fasalin shirin aka fara tantance masu buƙata aka shigar da maza.

Akwai ma masu cewa yabon da ake wa alawus ɗin ya yi yawa, wani abu daban ne ya yi aikin. Tun ƙarshen shekarun 1970 da kamfanin Desh ya haɗa kai da Daewoo na Koriya ta Kudu aka fara ɗinka tufafin fitarwa waje, harkar ta bunƙasa har ta kai ma'aikata wajen miliyan huɗu, mafi yawansu mata, kuma ita ke kawo sama da kashi 80 na kuɗin kayan da ƙasar ke fitarwa. Rachel Heath da Mushfiq Mobarak sun kwatanta ƙauyukan da ke kusa da kamfanonin ɗinki da waɗanda ke nesa, a binciken da suka wallafa a 2015, suka ga 'yan matan kusa sun fi daɗewa a makaranta da kamar shekara ɗaya da rabi, kuma sun fi jinkirta aure da haihuwa, a wuraren da suka duba tasirin kamfani ya fi na alawus nesa ba kusa ba. Dalilin a fili yake, kamfani ya fi son wadda ta iya karanta lamba da umarni, uba kuma ya ga 'yar maƙwabcinsa tana turo kuɗi duk wata daga Gazipur ko Narayanganj. Wasu binciken kuma da suka bi 'yan matan da suka ci alawus har girmansu sun ga lallai sun fi yin karatu, sun ɗan jinkirta aure, 'ya'yansu ba su kai na yayyensu yawa ba. Ni ban ga abin faɗa a nan ba, ɗaya ya sauƙaƙa shiga aji ɗayan ya nuna wa uba amfanin shigar. Sai dai kada a mayar da kamfanin ɗinki aljanna. Ranar 24 ga Afrilun 2013 benen Rana Plaza ya rufta a Savar ya kashe mutum 1,134, galibinsu mata masu ɗinki, bayan an ga tsagewa a bango tun jiya aka kuma tilasta musu shiga.

Yanzu ga inda abin ya gagara. Sharaɗi na uku, na aure, shi aka fi tallatawa kuma shi ya fi ba da kunya. A binciken 2019 kashi 51 na matan da ke tsakanin shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su cika 18. Ya ragu daga sama da kashi 70 na farkon shekarun 1990, kuma auren 'yan ƙasa da sha biyar ya ragu sosai, amma dai shekara ashirin da biyar ana biya rabin 'yan matan ƙasar har yanzu ba sa kaiwa 18 ba a aurar da su ba. Haihuwa ta sauko zuwa wajen 2.3, 'yan mata a shekarun nan suna doke maza a sakamakon SSC, amma aure ya ƙi motsi yadda aka so. Saboda taka 60 ba ta kama ƙafar abin da joutuk ke ƙaruwa da shi in aka ƙara shekara ɗaya, kuma mai ilimi sai mai ilimi, shi kuma farashinsa ya fi. Saboda kuma tsoro. Samari na tare hanya suna bin yarinya da maganganun banza, in magana ta fita a gari ita za a zarga ba su ba, sai uba ya ga gara ya aurar da ita mutuncin gida ya tsira. Wani lokacin ma haɗarin a cikin makarantar yake, a 2019 a gundumar Feni wata ɗaliba 'yar shekara 19 ta kai ƙarar shugaban madarasarsu kan ya taɓa ta, da ta ƙi janye ƙarar aka yaudare ta zuwa saman bene ranar jarrabawa aka zuba mata kananzir aka kunna wuta, ta rasu bayan kwana huɗu, kotu ta yanke wa mutum 16 hukuncin kisa. Kowane uba a ƙasar ya ji wannan labari. A yankunan da kogi ke cinye gonaki da gidaje kuwa, rahoton Human Rights Watch na 2015 ya nuna iyaye na gaggauta aurar da 'ya tun suna da gidan da dangin ango za su zo su gani.

Doka ta ce mace 18 namiji 21, akwai lambar waya 109 da ake kira, jami'in ƙaramar hukuma ya zo da 'yan sanda ya tarwatsa biki. Sai a sayi takardar haihuwar bogi, ko a ɗaura da daddare a garin kawu. A 2017 ma majalisa ta sabunta dokar ta saka sashe na 19 da ya ba da damar aurar da wadda ba ta kai ba a "yanayi na musamman" in kotu da iyaye sun yarda, ba tare da an faɗi mafi ƙarancin shekaru ba, kuma mace ce firaminista a lokacin.

Wani gwaji da aka yi a kudancin ƙasar daga 2008 zuwa 2010 shi ya fi buɗe mini ido kan yadda abin ke aiki. Masu bincike, cikinsu da Erica Field da Rachel Glennerster, tare da Save the Children, suka raba ƙauyuka ta hanyar ƙuri'a. Wasu aka buɗe wa 'yan matansu zaure na wata shida ana koya musu sanin 'yancinsu da lafiyar jiki da yadda za su yi magana da iyaye. Wasu kuma aka ce duk 'yar shekara 15 zuwa 17 da ba a aurar ba, ko tana makaranta ko ba ta yi, ta zo da katinta duk wata huɗu ta karɓi litar man girki huɗu, abin da bai wuce dala 16 a shekara ba. Da aka dawo bayan shekaru, zauren wayar da kai bai rage auren wuri ba ko kaɗan, man girki kuwa ya rage shi da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne a ƙauyen, in yarinya ta daɗe ba aure ana ɗauka ko ba ta jin magana ne ko akwai wani abu, to kowa na gaggawa don kada a yi wa 'yarsa wannan kallon, ko da a ransa bai so. Man ya ba uba amsar da zai ba mai dalilin aure ba tare da ya ji kunya ba, ai sai ta gama karɓar man nata tukuna. Ba wanda zai ce 'yar na da aibi, kowa ya san mai na da tsada. Wannan ba ya nufin koya wa yarinya 'yancinta aikin banza ne, amma ka cika ta da bayani ka mayar da ita gidan da ba ita ke yanke hukunci ba, me kake so ta yi da shi?

Korona ta zo ta nuna yadda abin bai yi saiwa ba. An rufe makarantu daga Maris 2020 har Satumba 2021, wata goma sha takwas, da aka buɗe hedimastoci a gundumomi irin su Kurigram da Satkhira suka tarar da bencinan mata da yawa ba kowa, an aurar. Yanzu kuma alawus ta waya ake turawa, ta bKash da Nagad da makamantansu, ya rage layi da ɗan magudi, amma wayar a gidan talaka yawanci a aljihun uba take, layin da yarinya ke tsayawa ta sa hannu da kanta ya tafi.

Abin ya shafe mu kai tsaye don Bankin Duniyan nan dai shi ya kawo shirin AGILE Najeriya a 2020 da dala miliyan 500, aka fara da Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno da Filato da Ekiti, daga baya aka ƙara kuɗi da jihohi, kuma a ciki akwai ba 'yan matan gidajen talakawa tallafi don su shiga sakandare su zauna. Iri ɗaya ne, ƙasar shukar ce daban. A Bangladesh mutane a cushe suke, kuma al'umma na da damar kafa makaranta ta samu rajista kuɗi ya biyo yarinya har can, shi ya sa makarantu suka tsiro da kansu. A ƙauyukanmu sakandare sai gwamnati ta gina ta turo malami, in ba ta yi ba ko nawa ka tura wa uwa a waya babu ajin da za a shiga, ga nisa, ga abin da ya faru a Chibok da Dapchi da Jangebe wanda ba tallafin da zai goge shi a zuciyar uba. Ga talla kuma, wadda kuɗin da yarinya ke kawowa kullum da ita ake tara kayan ɗakinta, duk tallafin da bai kai wannan ba uwa za ta karɓa ta gode, gobe ta ɗora mata faranti. Abin da muke da shi a kusan kowace unguwa da ƙauye, wanda iyaye suka riga suka yarda da shi kuma mata suka fi yawa a ciki, Islamiyya ce, kuma mafi yawansu har yanzu ba sa koyar da lissafi da kimiyyar da za su kai yarinya ga takardar NECO ko WAEC, waɗanda suka haɗa biyun kuma yawanci a birni suke, na kuɗi ne.